Kyanwata ta ƙi abincin gwangwani, wanda ta ci kuma sai gudawa

Maman Ikram, Kaduna

Assalamu alaikum. Masu kiwon kyanwa, a taimaka min da shawara. Tawa sunanta Zuma, shekararta biyu da rabi, nauyinta kilo 3 da ɗan ɗori. Tun tana 'yar mitsitsiya busasshen abinci mai ƙwaya-ƙwaya nake ba ta, da ɗan kifi idan mun dafa. Bayan ƙaramar salla ta fara amai da ta gama ci, ƙwayar na fitowa yadda ta haɗiye ta. Wata maƙwabciyata ta ce in koma na gwangwani, ya fi laushi.

To, cikin wata guda kala huɗu na saya. Na farko mai kifi ne, ta ci kamar za ta haɗa da kwanon, rana ta uku sai gudawa har a kan dardumar falo. Na biyu kaza ce gutsi-gutsi a romo, ta lashe romon tas ta bar min tsokar. Na uku kuwa shinshinawa kawai ta yi, ta kama tonon tayil da ƙafa kamar mai binne kashi, ta yi tafiyarta. Na huɗu yana firji, ni kaina na rasa ranar da na buɗe shi. Maigida ya fara cewa kuɗin cefane nake zubarwa. Wane gwangwani ne ba ya ɓata ciki, kuma mai tsirfa irin Zuma za ta yarda da shi?

Ɗan Fagge

Hajiya, ai ke kika sangarta ta. Muzurun gidanmu tuwo ma ci yake da miyar kuka, ga shi nan ƙato. Ki buɗe mata sadin irin namu na mutane, ki haɗa da madara. In ta ƙi ki ƙyale ta, yunwa za ta koya mata hankali.

Likitan dabbobi, Zariya

Wa alaikumus salam Hajiya. Malam Ɗan Fagge, ka yi haƙuri, shawarwarinka uku duk zan soke su. Yawancin manyan kyanwoyi cikinsu ba ya narkar da sukarin da ke cikin madara, ita kanta gudawa take sa su. Sadin na mutane mai ne da gishiri, kuma ba cikakken abinci ba ne. Horo da yunwa kuwa shi ya fi haɗari: kyanwa in ta yi kwana 2 zuwa 3 ba ta ci komai ba, kitse na iya taruwa a hantarta, musamman mai ƙiba, kuma ciwon yana kisa.

Hajiya, ni abin da na gani a bayaninki ba rashin gwangwani mai kyau ba ne, yawan canji ne. Kala huɗu a wata ɗaya, ko lafiyayyen ciki sai ya motsa. Ana sauya wa kyanwa abinci cikin kwana 7 zuwa 10: kwanakin farko kashi ɗaya cikin huɗu na sabon a gauraya da tsohon, sannan rabi da rabi, a haka har tsohon ya ƙare. Shi na farkon da ta so, mai yiwuwa ba shi da laifi, an dai cika mata kwano da shi rana ɗaya ne.

Amma kafin ki sake sayen komai, yaushe rabon da a ba ta maganin tsutsar ciki? Ki ɗebi kashinta na safe a 'yar roba mai murfi ki kai asibitin dabbobi a duba. Tsutsa da wata ƙwayar cuta da ake kira jiyadiya suna sa irin wannan gudawar, kuma babu gwangwanin da zai magance su.

In gwaji ya fito lafiya, ki zaɓi mai nama iri ɗaya tak, kaza ko talotalo, wanda aka niƙa lukui. Ki duba jikinsa an rubuta "complete", wato cikakken abinci mai sinadarin taurin, wanda rashinsa ke lalata ido da zuciyar kyanwa. Akwai kuma na musamman don ciwon ciki, irin su Royal Canin Gastrointestinal da Hill's i/d, amma suna da tsada, ba ko'ina ake samu ba, kuma da shawarar likita ake ba da su. Kada ki ɗebo mata nama daga tukunyar miya, albasa da tafarnuwa suna fasa jajayen ƙwayoyin jininta. Farasitamol kuma ko ɓari kada ya kusance ta, guba ne gare ta. In kika ga jini a kashi, ko ta kwana ta wuni ba ta ci ba, a kai ta a ranar.

Anti Binta, Kubwa

Dakta ya gama magana, ni wajen firjin nan zan tsaya. 'Yar'uwa, na huɗun nan ki zubar da shi yau. Ni ma na sha fama da nawa muzurun, ina ta zargin gwangwani, ashe wuta ce. A ɗauke tun safe sai dare, firji ya huce, abincin ya fara tsami, ni ban ji ba amma shi hancinsa ya ji. Tun daga nan na daina sayen babban gwangwani mai giram 400, na koma ƙananan leda masu giram 85, a buɗe a cinye a wuni. Wanda ya saura a kwano kuma, da zafin nan, ba na bari ya wuce awa ɗaya.

Maganar tsirfa: kada ki ba ta da sanyinsa. Ina zuba cokali biyu na ruwan ɗumi in dama, ƙamshin ya tashi, da gudu yake zuwa. Kuma a faranti mai faɗi, ba kwano mai zurfi ba. Mai lashe romo ta bar tsoka, ki murƙushe mata da bayan cokali su zama abu ɗaya, ta rasa abin zaɓa. Aman nan ma wataƙila saurin ci ne, ki raba mata sau huɗu kaɗan-kaɗan.

Shi kuma Malam na Fagge, in an tsare dabba a gida ai cinta ya zama wajibi, ka tuna hadisin matar da ta ɗaure kyanwa ba ci ba sha.

Ɗan Fagge

To Anti, na janye. Amma muzuruna dai yana nan da tuwonsa.

Maman Ikram, Kaduna

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Dakta, kunya ta kama ni, rabonta da maganin tsutsa tun tana wata shida. Na kai kashin ranar Litinin, an kuwa samu tsutsa, an ba ta magani, za mu koma bayan mako biyu. Na sayi ƙananan leda na niƙaƙƙiyar kaza, yau kwana biyar muna gaurayawa, mun kai rabi da rabi. Kashin ya fara ɗaurewa, amai sau ɗaya kawai. Anti Binta, dabarar ruwan ɗumi ta yi, sai dai yanzu in ta ji na ɗora buta, ko shayin maigida ne, sai ta zo ta zauna gaban farantinta tana kuka.