Dan Allah ma'aikatan asibiti ku warware min Turancin takardun tiyata

Ƙanwar_Amarya:
Slm jama'a. Yayata ce za a yi wa aiki sati mai zuwa, ƙari ne a mahaifa, fibroid dai, ta daɗe tana fama da zubar jini. Likita ya yi bayani amma rabi Hausa rabi Turanci kuma da sauri ga layi a waje, ita kuma kunya ta hana ta tambaya. Yanzu takardun suna hannuna, na ga myomectomy, NPO, PCV 27%, GXM 2 pints, E/U/Cr, sai wata da aka ce consent form ce a sa hannu. Na yi sakandare amma wlh wannan Turancin daban ne. Haihuwarta ɗaya kuma tana son ƙari, babban tsoronta kar a ce mahaifar za a cire. Dan Allah wanda ya sani ya taimaka.

Sista_ta_tiyata:
Wslm ƙanwata, Allah Ya ba ta lafiya. Ki fara kwantar mata da hankali, myomectomy cire ƙarin ne kawai a bar mahaifa a wurinta. Wanda ake cire mahaifa gaba ɗaya sunansa hysterectomy. A kunne kamar ɗaya suke, shi ya sa nake so ki kalli rubutun da idonki harafi harafi.

Sunayen nan galibi daga Girkanci da Latin aka haɗo su, in kin gane wutsiyar kalma kin gane rabin magana. Duk wadda ta ƙare da ectomy cirewa ce, appendectomy cire afendis, thyroidectomy cire maƙoƙo. Otomy yankawa ne a buɗe, kamar laparotomy buɗe ciki a ga abin da ke ciki. Ostomy kuma a huda wata ƙofa a bar ta, irin colostomy da bayan gida ke fita ta gefen ciki cikin leda. Oscopy leƙawa da 'yar kyamara, itis kumburi.

Sauran kuma: NPO kar ta ci kar ta sha, galibi daga sha biyun dare in aikin safe ne, amma ku bi lokacin da suka faɗa muku. Dan Allah a nan kar a ji tausayi a ce ɗan koko ne kawai ko shayi, mun sha ɗage aiki saboda haka, don in an sa mutum barci abin da ke cikinsa zai iya dawowa ya faɗa huhu, kuma wannan yana kisa. PCV yawan jini ne, na mace mai lafiya yana kai 36 zuwa sama, 27 ya yi ƙasa, wurare da yawa sun fi so ya kai 30 kafin a shiga. GXM a duba rukunin jininta a gwada shi da wanda za a ƙara mata, 2 pints leda biyu ke nan, ku fara neman masu bayarwa tun yau. E/U/Cr gwajin ƙoda ne da gishirin jiki.

Abban_Yara:
Sista ta gama magana, amma zan ƙara a kan consent form ɗin nan don a nan mutanenmu suke sakaci, a miƙo biro mutum ya sa hannu bai karanta ko layi ɗaya ba. A aikin fibroid sau da yawa ana rubuta cewa in jini ya ɓalle aka rasa yadda za a tsayar da shi to za a iya cire mahaifar don a ceci rai. Ba kasafai ake kaiwa can ba amma gara ta ji tun yanzu ita da mijinta da a ce sai ta farfaɗo. Ku nemi kalmar possible ko may proceed to a takardar, ku ce a fassara muku. Kuma hakkinta ne ba alfarma ba, dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ce a yi wa mara lafiya bayani da harshen da yake ji gwargwadon iko. Ita ce za ta sa hannu tunda babba ce mai hankalinta. In ba ku samu likitan ba ku tare nas ɗin wod, sun fi samun lokaci.

Ɗalibin_likitanci:
Anti ga waɗanda za ku ji a bakin mai sa barci, shi ne anaesthetist, yakan zo kwana ɗaya kafin aiki. In ya ce GA ko general to barci ne gaba ɗaya, in ya ce spinal allurar baya ce, daga ciki zuwa ƙafa ya mutu amma idonta biyu tana jin maganarsu. Zai tambayi any allergy, wato akwai maganin da ba ya karɓarta, yana sa ta ƙaiƙayi ko kumburi ko numfashi ya sarƙe. Ta faɗi duk abin da take sha har na gargajiya, kar ta ɓoye don tsoron faɗa, wasu suna tsinka jini. LMP ranar da al'adarta ta ƙarshe ta fara, ta riƙe kwanan watan. Lokacin dubawa breathe in ja numfashi, breathe out saki, does it hurt here yana miki ciwo a nan.

Bayan aiki za ki ga catheter robar fitsari, da IV fluid ƙarin ruwa. Magani in an rubuta bd sau biyu a rana, tds sau uku, nocte da dare. Abin da aka ciro za a ce ku kai histology a duba shi a lab, dan Allah ku kai kuma ku koma karɓar sakamako, da yawa ba sa komawa saboda kuɗi ko sun ga an warke. Benign ba daji ba ne, malignant shi ne daji, kuma fibroid kusan duka benign ne.

Ƙanwar_Amarya:
Kai ngd sosai Allah Ya saka da alheri, na karanta mata duka har ta ɗan ci abinci. Na duba, myomectomy ne, kuma Abban_Yara gaskiyarka akwai wannan layin a ƙasa, gobe za mu koma da mijin a yi musu bayani. Sista ni zan iya ba da jinin? Ina shayarwa, yaron wata huɗu.

Sista_ta_tiyata:
A'a ƙanwata, mai shayar da ɗan wata huɗu ba za su ɗauka ba. Ku nemo maza cikin dangi, daga shekara 18, nauyi ya kai kilo 50, wanda bai ba da jini ba cikin wata uku da suka wuce. Su ci abinci su sha ruwa sosai kafin su zo, kuma ku zo da mutum uku ko huɗu don ana gwajin ciwon hanta da sauransu, ba lallai kowa ya tsallake ba.