Wai me ma'aikatan kamfanonin wasanni irin su D&D suke yi ne a bayan fage?

Sadiq_d20:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah tambaya gare ni ga waɗanda suka san harkar buga littafi ko suka taɓa aiki da kamfanonin wasa na waje. Ina karatu a Ingila, ni da abokaina muna buga Dungeons & Dragons a ƙarshen mako. Ga wanda bai san shi ba, wasa ne da ake zama a kewaye tebur, mutum ɗaya yana jan labari, sauran kowa ya ɗauki jarumi ɗaya yana faɗin abin da zai aikata, sai a jefa dayis, wato ƙwaya mai lambobi irin ta lido, a ga ko ya dace ko bai dace ba. Ba a sa kuɗi, ba kwamfuta, littafi ne kawai da takarda da fensir.

To abin da yake ɗaure min kai, littafin ɗan wasa da ya fito a 2024 shafi 384 ne, kuɗinsa wajen dala 50, kuma tun 2022 suka sanar da shi suna ta gwaji. In ka buɗe shafin sunaye sai ka ga mutane rututu. Ni a ganina marubuci biyu ko uku da mai zane sun isa, to su sauran me suke yi? Ina tambaya ne don wallahi raina yana son harkar, ina so in san aikin kafin in sa kaina.

Hajara_edita:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ina yi wa wani ƙaramin kamfani aikin edita na kwangila daga gida, bari in faɗa maka yadda littafi yake tafiya a wajenmu, manyan ma haka ne sai dai su suna da hannaye da yawa.

Rubutun da kake tunani shi ne mafi saurin ƙarewa. Da farko wanda aka ɗora wa littafin zai zauna ya yanka shi gunduwa-gunduwa, babi kaza kalma dubu kaza, dodanni nawa, taswira nawa, sai ya raba wa marubutan kwangila, yawancinsu ba ma'aikatan kamfanin ba ne, wani malamin makaranta ne wani nas ce, da daddare suke rubutun kuma kan kowace kalma ake biyansu 'yan sulallan dala. Idan aka ce maka kalma 5,000 to 5,000 ake nufi, in ka kawo 7,000 ba gwaninta ka yi ba, aiki ka ƙara wa wani.

Daga nan rubutun ya faɗa hannun wanda suke kira dibelofa, kuma in ka tambaye ni wannan mutumin shi ne littafin. Shi zai karɓi rubutun mutum goma da ba su taɓa ganin juna ba ya mayar da shi murya ɗaya, sannan ya bi lissafi layi-layi. Misali marubuci ya ƙirƙiro wani makami mai daɗin karantawa, dibelofa zai duba ya ga ashe in aka haɗa shi da wata baiwa da ke cikin wani littafi na shekara uku baya, ɗan wasa zai kashe babban dodon ƙarshe a bugu ɗaya, shi ke nan labarin da mai jan wasa ya yi wata guda yana shiryawa ya rushe. Dole ya riƙe duk dokokin da kamfanin ya taɓa bugawa a kansa. Kuma doka ba kamar labari ba ce, in jimla tana iya ɗaukar ma'ana biyu to ka tabbata a wani tebur a wata ƙasa mutum biyu za su yi awa guda suna musu a kanta maimakon wasa. Sunan marubuci ake gani a bango, amma abin da ya sa wasan yake tafiya ba tangarɗa aikin wannan ne, kuma ba kowa yake sanin sunansa ba, abin yana damuna gaskiya.

Sai gwaji. Kamfanin Paizo a 2008 sun saki wasansu Pathfinder, wani wasa irin wannan, kyauta a intanet kowa ya buga ya kawo ƙorafi kafin su buga shi a 2009, su kuma Wizards of the Coast, kamfanin da ke da wasan da kuke bugawa, sun fara gwajin bugu na biyar na D&D a 2012, sun ce sama da mutum 175,000 suka shiga, littafin bai fito ba sai 2014. Duk waɗannan amsoshin akwai wanda aikinsa ya zauna ya karanta ya tace, ya gane wane ƙorafi ne na gaske wane ne na wanda kawai yake so jarumin da ya fi ƙauna ya fi na kowa ƙarfi.

Bayan haka mu editoci, sai daraktan zane ya rubuta wa kowane mai zane bayanin abin da ake so, sai mai tsara shafi. Nan ne ake jin jiki, domin in babi ya zarce shafinsa da layi huɗu sai an dawo an yanke layi huɗu ba tare da an ɓata doka ba. Duk inda aka ce duba shafi kaza, a lokacin rubutu XX ake sawa don ba a san lambar ba tukuna, sai a ƙarshe wani ya bi ɗaya bayan ɗaya ya cike, shi ya sa wani lokaci za ka sayi littafi ka tarar da shafi XX a ciki, an tsallake ne. Fihirisa ma mutum ne yake haɗa ta.

Baffa_Madabaa:
Malama Hajara ta gama magana, ni dai bari in ƙara ta ɓangaren da na sani tunda a maɗaba'a nake aiki a Kaduna. Sadiq ka lura da lambar da ka kawo, 384. Raba ta da 16, 24 za ka samu cif. Babban littafin Pathfinder na 2019 shafi 640 ne, na 2009 kuma 576, duk suna rabuwa da 16. Dalili shi ne injin ofset ba ya buga shafi ɗaya-ɗaya, babbar takarda yake bugawa a ninke ta a yanke ta ba da shafi 16 ko 32, don haka in rubutu ya zarce da shafi ɗaya tak, ko ka yanke shi ko ka biya kuɗin ƙarin ninki guda a kowane kwafi. Wannan yankan layi huɗun da take faɗa daga nan ya samo asali.

Kuma littafin mai kala ne duka, bango mai tauri, ɗinki ba gam kaɗai ba, saboda za a buɗe shi a tebur sau dubu. Da yawa daga kamfanonin a Chaina suke bugawa, sai an aiko samfur an duba kala an sa hannu, sannan bugu, sannan kwantena a jirgin ruwa makonni, sannan kwastan, sannan sito. In aikinka ya faɗa lokacin sabuwar shekarar Chaina masana'antu a rufe suke. Su kuma duk idonsu yana kan Gen Con, babban taron wasanni da ake yi a Indianapolis wajen farkon Agusta, yadda tela yake da ɗinkin Sallah haka suke da shi, in kaya bai iso ranar ba kasuwar shekara ta wuce ka. Shi ya sa fayil yake barin ofis watanni kafin ka ga littafin, kuma in an gano kuskure bayan jirgi ya tashi ba yadda za a yi sai a saki takardar gyara a intanet a jira bugu na gaba.

Nura_Kd:
Amma fa akwai kuɗi a harkar nan, Magpie Games sun tara sama da dala miliyan 9 a Kickstarter, shafin da jama'a ke biyan kuɗin kaya tun kafin a yi shi, a 2021 don wasan Avatar Legends, wata guda kawai. Wanda ya samu wannan ai ya warke.

UsmanTarihi:
Nura ɗan uwa, kuɗin Kickstarter bashi ne, mutane sun biya kayan da ba a riga an yi ba, kuma farashin da ka yi musu alkawari yau shi za ka cika ko da takarda da dako sun ninka kafin ka gama. Shi kansa Avatar ɗin ya makara saboda ƙarancin takarda da cunkoson jiragen ruwa na lokacin korona.

Ka duba Chaosium, tsohon kamfani ne tun 1975, su ne masu Call of Cthulhu. A 2013 suka tara sama da dala dubu 500 don bugu na bakwai, kowa yana ta murna, ashe kuɗin aika kaya zuwa ƙasashen waje da suka caji mutane bai kai abin da za a kashe ba, ga wani alkawarin Kickstarter na baya da ba su gama cikawa ba. Kamfanin ya kusa durƙushewa, sai a 2015 Greg Stafford da ya kafa shi da Sandy Petersen da ya ƙirƙiro wasan suka dawo suka karɓi ragama, aka kawo sabbin shugabanni, sannan littattafan suka isa hannun mutane a 2016. Wasan ba shi da laifi ko kaɗan, lissafin dako ne ya kusa kashe su.

TSR ma da suka fara D&D haka. A 1974 kwafi 1,000 suka buga, ƙananan littattafai uku a kwali kan dala 10, a gidan Gary Gygax a Lake Geneva ake haɗa su da hannu. Suka girma suka zama manyan kasuwar, amma suna da yarjejeniya da Random House, kamfanin da ke rarraba musu littattafai, inda ake ba su kuɗi da zarar sun tura kaya, ba sai an sayar ba, to sai suka dinga bugawa suna turawa, a 1996 aka dawo musu da tulin abin da bai sayu ba, suka kasa biyan maɗaba'a, ita kuma ta ƙi buga musu komai. A 1997 Wizards of the Coast ta saye su, 1999 Hasbro, babban kamfanin kayan wasan yara, ta sayi Wizards.

Sadiq, dala 50 ɗin nan da kake gani, in ta shago aka sayar, mai shago da dillali suna ɗauke wajen kashi 60 cikin ɗari, abin da ya rage a ciki za a biya bugu da dako da sito da masu zane da albashi. Shi ya sa albashin harkar ba shi da kauri, ga su Paizo da Wizards suna yankin Seattle inda haya take da tsada sosai. A Oktoban 2021 ma'aikatan Paizo suka kafa ƙungiyar ƙwadago, marubutan kwangila da yawa suka riƙe aikinsu suka ƙi miƙawa don mara musu baya, cikin kusan mako guda kamfanin ya amince da ƙungiyar. Ni wannan ya burge ni ƙwarai, mutanen da ba su da albashi ko inshora su suka sa ɗan abin da suke samu a haɗari saboda abokan aikinsu. A Disamban 2023 kuma Hasbro ta sanar da sallamar mutum 1,100, har da wasu daga cikin masu aikin D&D.

Sadiq_d20:
Kai, na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ban karaya ba, sai ma aikin dibelofan nan ya fi jan hankalina. Anti Hajara, ta ina mutum yake farawa in ba ya Amurka? Kuma suna karɓar labari mai tushe daga wajenmu ko sai dodannin Turai?

Hajara_edita:
Ba sai kana Amurka ba, kuma ba sai ka jira wani ya ɗauke ka ba. Tun 2000 Wizards suka fitar da lasisin OGL da ya ba kowa damar rubuta kaya a kan dokokin D&D, a kansa ma aka gina Pathfinder. A Janairun 2023 suka so canza shi, jama'a suka yi caa har suka janye, suka saki ginshiƙin dokokin bugu na biyar ƙarƙashin Creative Commons, lasisin da ke barin kowa ya yi amfani da abu kyauta, wanda ba a iya janyewa. Don haka kana iya rubuta naka ka sa PDF a kasuwar intanet ta DriveThruRPG, ko a DMs Guild in kana son amfani da duniyoyin Wizards, can rabin kuɗin ne naka. Ba kwantena ba sito.

Batun labarin wajenmu, ƙofa ta buɗu fiye da da. Paizo sun fitar da littafin Mwangi Expanse a 2021, yankin duniyarsu da aka gina kan Afirka, suka sa marubuta baƙaƙen fata da yawa suka sake shi daga yadda aka fara zana shi. Wizards kuma a 2022 sun ba da haƙuri kan wasu halittu da ake kira hadozee a littafinsu na Spelljammer, saboda labarinsu ya yi kama da cin fuskar da aka yi wa bayi baƙaƙe, daga nan suka ce kowane littafi sai masu ba da shawara kan al'adu sun duba shi, wannan ma aiki ne da ake biya. A gida kuma akwai NIBCARD Games a Abuja, su wasannin allo da kati suke yi, sun ci kyautar Diana Jones, lambar yabo ta harkar wasanni, a 2021, in ka zo hutu ka neme su ka ga yadda ake haɗa wasa da hannu. Abu ɗaya, kar ka miƙa rubutu ko zanen AI, Paizo da Wizards duk sun hana tun 2023.

Fara da ƙaramin labarin wasa na zama ɗaya, kalma 3,000 zuwa 4,000. In ka gama ka ba wani a cikin abokanka ya ja wasan daga takardar kaɗai, kai ka zauna gefe ka yi shiru, kar ka yi bayanin komai, duk inda ya tsaya yana juya shafi ko ya tambaye ka me kake nufi ka sa alama. Ka gyara, ka ba wani tebur da ba su san ka ba su sake bugawa. In ka yi zagaye na biyu ka turo min ta saƙon sirri in duba maka lissafin dodannin.