Kumfar kashin ƙarfe ta ƙi tashi a OpenFOAM

Assalamu alaikum masana. Ina kwaikwayon tanderun lantarki na narka ƙarfe a OpenFOAM, manhajar lissafin gudun ruwa da iska, da tsarin Euler-Euler (wanda ke ɗaukar ruwa da iska a matsayin abubuwa biyu masu gudana cikin juna), iskar CO tana fitowa daga haɗuwar FeO (ƙarfe haɗe da oksijin) da kabon a zafin digiri 1600 na Celsius, tana sa kashin ƙarfe, wato dattin da ke tasowa saman narkakken ƙarfe, ya yi kumfa. Kaurin kashin ƙarfen 0.3 Pa·s ne, nauyinsa 3000 kg/m³, tsaurin fatarsa (surface tension) 0.45 N/m. Lissafin Jiang da Fruehan ya ba ni ma'aunin kumfa (tsayin kumfa a raba da gudun iska) daƙiƙa 0.94, wato a gudun iska 0.5 m/s ya kamata kumfa ta kai santimita 47.

Amma a kwamfuta kumfar ta tsaya a santimita 12. Kason iska a cikin kashin bai wuce 0.3 ba, alhali kumfa ta gaskiya takan haura 0.7. Na ƙara wa ragar lissafi (mesh) laushi, na rage faɗin ƙwayar kumfa zuwa milimita 2, duk a banza. Da ƙwayoyin sun iso sama sai su fashe nan take.

Zargina yana kan Schiller-Naumann, lissafin tirjiyar da ruwa ke yi wa ƙwayar iska, don ƙwaya ɗaya tilo ya sani, bai san cunkoso ba, balle tsiyayewar siririn ruwan da ke tsakanin ƙwayoyi. Ta yaya kuke shigar da wannan tsiyayewar? Kuma ɓarɓashin MgO (magnesiya) da bai narke ba, gyaran Einstein-Roscoe (na ƙarin kaurin da ɓarɓashi ke kawo wa ruwa) kaɗai ya ishe shi?