Neman kabarin Baturen da ya haifi kakata

Jika daga Tudun Wada: Assalamu alaikum. Mahaifin kakata Bature ne, daga Ingila ya zo aikin reluwe bayan dogo ya iso Zariya a 1911. Hoto ɗaya ya bari. Kakata ta ce zazzaɓi ya kashe shi a nan, goggona kuwa ta dage cewa jirgin ruwa ya shiga a Ikko. Abin yana hana ni barci. Ta ina zan fara?

Dattijo daga Sabon Gari: Wa'alaikumus salam, 'yata. Ki je ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna, can fayilolin Lardin Zazzau suke. Ki tafi da sunansa na yanka.

Daga Wusasa: 'Yar'uwa, ki tambayi tsohon cocinmu ko akwai rajistar mamata.

Jika: Na gode, Baba. Amma laƙabinsa kaɗai muka sani, Mai Tabarau.