Ɓarawon da Ya Fi Dodo Ciwo

Mai Takobi:
'Yan'uwa, wasan bidiyo na Final Fantasy VII nake bugawa, na 1997. A lungunan birnin Midgar na cikin wasan wani maƙiyi mai suna Vice ya zare min kaya daga jaka ya tsere. Abin ya tsaya min a rai, shi ya sa na zo da baiti.

Dare biyu ina haɗa guzurin tafiya,
Kwalba kan kwalba na jera a ajiya,
Na kara da manya ban taɓa ja da baya,
Sai ga ɗan siriri ya tare min hanya,
Bai zubar min da jini ba, ya taɓa zuciya.
Dodo in ya kashe ni, na san na sha wuya,
Shi wannan guminka yake ɗauka ya juya.

Uwar Magani:
Ƙanina, na ji kukanka, rage damuwa,
Kayanka na jikinsa muddin bai yi nisa da guduwa,
Bar sauran maƙiya, shi ka fara kaiwa,
Ku taru masa ku duka, ban da rarrabuwa,
In ya faɗi kafin ya tsere, kayan na dawowa.
Sata sai ya yi juyi guda, gudu ma sai ya jira,
Tsakanin biyun nan ne damarka take fitowa.

Ɗan Gaggawa:
Ni dai in an yi min, kashe wasan nake,
In koma inda na adana, in sake.

Mai Takobi:
Ɗan'uwa, wannan ban iya ba gaskiya,
In na goge asarar, na goge tafiya.

Dattijon Wasa:
Yara, ku matso ku ji inda abin ya faro. A 1980 aka yi wasan kwamfuta mai suna Rogue, babu hoto, haruffa ne kawai a allo, kowane maƙiyi da harafinsa.

Harafin L in ka gani, zinarenka ya tafi,
Harafin N kuwa kayan tsafinka take bi,
Ta taɓa ka sau ɗaya, ba sara ba rauni,
Ta ɓace kamar mai layar zana, ba ta ba gani.
Can babu komawa baya, ɗana, ka sani,
Rai ɗaya ne, in ya tafi sai sabon zubi.
Tun daga nan na daina ɓoyon magani,
Na sha abina da wuri kafin a raba ni.

Uwar Magani:
Baba ya faɗi gaskiya. Ƙanina, akwai saura a gabanka, in ba ka son sani kada ka karanta.

Na hanya ka gani, shi ka iya tarewa,
Na gida fa, wanda kuke tafe kuna rabawa?
In ka ɗauki 'yar nan Yuffie, ranar garinsu Wutai na zuwa,
Duwatsun tsafinku, materia, za ta kwashewa,
Ka shiga faɗa hannu sake, ba tsafin jefawa.
Na bi ta gida gida raina na tafasowa,
Da na ji don garinta ta yi, na kasa tsanarwa.

Mai Takobi:
Yaya, kin ɗaure min kai, kin kuma buɗe min ido.

Yau zan koma lungun da aka yi min tsiya,
Vice na fara nema, sauran su jira a baya.
Yuffie kuwa zan ɗauke ta mu yi tafiya,
In ji daga bakinta in mun isa Wutai lafiya.