Arba'in ɗin Baba Mai Rijiya, wanda ya san shi ya ɗora baiti

Jikan Baba: Salamu alaikum jama'a. Jibi Juma'a ne sadakar arba'in ta kakanmu wanda duk unguwarmu ta Zengo, nan Damagaram, ke ce ma Baba Mai Rijiya. Tun da ya rasu na kasa rubuta komi sai daren jiya da aka ɗauke kuran na je na zauna bakin rijiyar, ga abin da ya zo mani.

Baba ka tafi ka bar mana guga,
Da igiyar da tafinka ya goga,
Ka sauka nan babu ɗaki ko taga,
Ƙaya da dutsi, ka sa hannu ka buga,
Ruwa ya fito inda kowa bai hanga.

Ɗan Birni: Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta. Amma ƙanena ka tsallake asali.

A Birni aka yanke cibiyarsa,
Cikin ganuwar Tanimu tushensa,
Kusa da fada ya wanke allonsa,
Zengo aro kuka yi, mu ne nasa.

Ƴar Zengo: Yaya, ko kabarin bai bushe ba har kun fara rabon gado?

Ɗan Birni sannu da gadin ganuwa,
Ta zube kana nan kana neman inuwa,
Ranar da ƙishi ya haɗu da yunwa,
Gidan wa kuka kai tulu? Faɗa wa kowa.

Mai Shayi: Kai! Ƴar Zengo Allah ya ƙara basira, wannan ta shiga. Ɗan Birni sai ka sha ruwa tukuna.

Ɗan Birni:
Zengo ai zango ne, masaukin raƙumi,
Ayari ya kwana, da safe ya ɗaura dami,
Mu ke da fada, mu muka ba shi ilimi,
Ɗauki tulunki ƙanwata, rage ɗumi.

Baduku: Shi ke nan an gama, Birni uwa ce. Mai Shayi kai dai don tana sayen biredi wurinka ne.

Mushe Mai Ritaya: Ɗana Ɗan Birni, amsa-amonka ya zauna amma ɗango na biyu yana ɗingishi. Na farko gaɓa 12 ne, na biyu 14. Marsiyyar mutum kamar Baba ba a yi mata gaggawa.

Ɗan Birni: Mushe da girmanka, wannan ƙirgar gaɓa 12 ta waƙar Faransi ce da kuka koya mana a lekol. Tamu da nauyin gaɓa ake auna ta, doguwa da gajera, irin na arulli, kuma in ka rera shi da baki za ka ji ya hau.

Mushe Mai Ritaya: Na rera har sau uku, numfashina ya ƙare kafin in kai dami. Ko da arullin ka auna, ka faɗa mani wane kari ne, Mutadarik ko Ramal?

Na koya maka baƙi, na koya maka ƙirga,
Yau ka yi gemu kana so ka zarga,
Baitin da ya karye ko an ɗaura masa sarƙa,
Ba ya tashi, ɗana, sai dai a duba.

Baduku: To Mushe kai ma ga, ga, ƙa, ba, ina amsa-amon ya tafi?

Mai Shayi: Baduku ka ji tsoron Allah, malaminku ne fa.

Mushe Mai Ritaya: Na karɓa, na ƙarshen ya zame. Amma ku yara ku san garin da kuke magana a kai. Damagaram kan dutse take zaune, ƙarancin ruwa na cikin abin da ya sa Nasara suka ɗauke babban birni suka kai Yamai a 1926. Mutumin da ya haƙa rijiya da hannunshi a nan ya kuma bar ta buɗe, ku auna da kanku.

Tsohon Ga-ruwa: ku yi haƙuri ni ban iya waƙa ba yarona ke rubuta mani, tun jiya nake so in sa baki kuna ta faɗan kari. shekarar El Buhari 1984 da Najeriya ta rufe iyaka ga fari, mutanen Tanut da na arewa suka sauko da yara ba dabba ko ɗaya suka zube bayan gidan Baba, ni ina tura baro lokacin kuma wallahi ko dala bai taɓa karɓa ba, in ruwan Gogo ya yanke a famfo layin jarka har bakin hanya shi ke tsaye da fitila har asuba yana raba faɗan mata

Baba bai tambayi garinku ba,
Bai ce Buzu ne ko Bahaushe ba,
Ya ce sha, ka ba yaro, ka cika,
Ni dai na ga wannan da idona.

Ƴar Zengo: Kawu ka sa ni kuka. Mushe don Allah kar ka ƙirga wannan.

Auta: Ni ce ƙaramar ƴarsa. Kuna ta rijiya, mu a gida wani Baban muka sani. Da maƙwabta suka ce mace ba ta lekol shi ya riƙe hannuna ya kai ni, da yamma kuma ya zaunar da mu da allo. Ba ya cin tuwo sai ya ji an ƙirga yara kaf har da almajiran zaure.

Tabarmarka na nan Baba, ban naɗe ba,
Butarka na ƙofa, ban ɗauke ba,
Inna na zuba furarka, ba ta saba ba,
In an yi sallama sai in ce ko kai ne, Baba.

Ɗan Birni: Auta Allah ya ba ku haƙuri, ki gaida Inna. Goron sadaka a kaina. Amma maganar cibiya ban janye ba.

Ƴar Zengo: Ka zo da goron, cibiyar ka bar ta Birni.

Jikan Baba: Bayan sallar asuba za a fara saukar Alƙur'ani a ƙofar gida. Masu zuwa da babur ku aje su nesa da rijiya.

Na Agadas: innalillahi wa inna ilaihi raji'un, yanzu na samu rezo nake ganin wannan, wallahi ban ji ba ina daji wata biyu. shi ya ba ni kuɗin mota ranar da zan taho nan ya ce in na samu in maido, ban maido ba. Jika turo mani lambar Inna