Wasannin Highland da yara: waɗanda suka saba zuwa ku faɗa mana yadda abin yake

Maman Sadik

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da warhaka. Hutun makaranta ya ƙarato, kuma iyalai da dama a nan Glasgow suna shawarar kai yara wasannin gargajiyar mutanen Sikotilan, waɗanda ake kira Highland Games. Don Allah waɗanda suka saba zuwa ku zubo mana bayani: wane gari ya dace da mai ƙananan yara, me za a riƙe, yaya batun abinci da salla, kuma me ake kallo a filin?

Baban Amira

Wa'alaikumus salam Maman Sadik. Wasannin suna farawa daga watan Mayu har tsakiyar Satumba, kusan kowane ƙarshen mako da garin da ke yin nasa. Ga mai ƙananan yara, na ƙauye ya fi. Na Ceres da ke yankin Fife ana yin sa Asabar ta ƙarshen Yuni, shiga kyauta ne, filin ƙarami, kina zaune a kan ciyawa kina ganin komai. Mutanen garin suna danganta asalinsa da shekarar 1314, lokacin da mazajensu suka dawo daga yaƙin Bannockburn. Tashar jirgin ƙasa mafi kusa ita ce Cupar.

Na Cowal a garin Dunoon yana zuwa ƙarshen Agusta, kuma a can ake gasar rawar Highland ta duniya. Daga Glasgow Central za ki hau jirgin ƙasa zuwa Gourock, bai kai awa ɗaya ba, sai jirgin ruwa ya tsallaka da ku. Matsalarsa a dawowa take: kowa yana son jirgi ɗaya bayan an tashi. Ku bar filin kafin a watse.

Braemar, Asabar ta farkon Satumba, shi ne wanda gidan sarautar Birtaniya ke halarta. Jirgin ƙasa ba ya zuwa garin, bas daga Aberdeen ya haura awa biyu, kujerun zama kuma suna ƙarewa watanni kafin ranar. Ban ba mai goyo shawararsa ba.

Malam Habu

Abin da ke sa wasu su dawo suna cewa ba su ga komai ba shi ne rashin sanin ƙa'idar wasan, musamman jifan gungume. Mutane suna zaton nisa ake aunawa, alhali ba a auna shi sam. Gungumen yakan kai mita 5 zuwa 6, na Braemar nauyinsa kusan kilo 60. Ana tsayar wa ɗan wasa shi da siririn bakin a ƙasa, ya jingina shi a kafaɗa, ya sarƙe yatsunsa, ya tsuguna ya tallabo gindin a tafin hannu. Daga nan ya yi 'yar sassarfa, ya ja burki, ya cilla sama. Abin da ake so, ƙaton bakin ya dira ƙasa, gungumen ya wuntsila ya kwanta sambal a gabansa. Alƙali yana biye da shi a baya, yana ƙiyasta kwanciyar da fuskar agogo: ƙarfe 12 daidai shi ne cikakken maki, 11 ko 1 sun gaza shi. Idan ya yi jinkirin cillawa bayan ya tsaya, nauyin ya riga ya rinjaya gaba, gungumen ba zai juya ba, sai ya miƙe ya dawo baya. A nan alƙalin gefe ne ke ba da maki gwargwadon yadda ya miƙe. Kowa sau uku yake gwadawa. Ki bayyana wa yara wannan tun a gida, za ki ga su da kansu suna yanke hukunci kafin alƙali.

Gudumar jifa iri biyu ce, mai kilo 7 da ɗoriya da mai kilo 10, ƙwallon ƙarfe a bakin ƙota mai lanƙwasa. Mai jifa yana juya wa filin baya, ƙafafunsa ba sa motsi, shi ya sa za ki ga wani dogon ƙarfe a gaban takalminsa ya kafe shi a ƙasa. Akwai kuma ƙarfe mai kilo 25 da ake cillawa sama da hannu ɗaya ya tsallake sanda, ana ƙara tsayin sandar har mutum ɗaya ya rage. Igiyar da aka kewaye filin da ita ba ado ba ce. Guduma takan kuɓuce ta nufi gefe, kada yaro ya zauna a ƙarƙashin igiyar, balle ya tsallaka.

Hajiya Ladi

Ƙanwata, batun abinci ki yi girkinki a gida, shi ne kwanciyar hankali. Yawancin rumfunan nama ba na yanka ba ne, kuma kusan kowane fili akwai rumfar gashin alade. Shahararren abincinsu, hagis, zuciya da hanta da huhun tunkiya ne da aka niƙa da albasa da hatsin ot. Ana samun na ganyayyaki zalla, shi za a iya ɗanɗanawa. Wanda suke kira black pudding da jini ake yin sa, a kiyaye. Kifi da soyayyen dankali ma ki tambaya abu biyu: ko an sa giya a ƙullun da aka tsoma kifin, da kuma man da aka soya. Alewarsu ta madara da sukari da man shanu yara na sonta, sai dai wata ana zuba mata wiski, ki karanta takardar jikinta. A wasu filayen akan samu masu gasa kifin Arbroath a kan hayaƙi nan take, wannan kam ki saya da zafinsa.

Abin riƙewa: shinkafa dafa-duka a kula, fulas biyu na shayi, ruwa lita ɗaya ga kowane mutum, da 'yan kuɗi a hannu. A ƙauyukan tsauni sabis na yankewa, na'urar cirar kuɗin masu rumfa ta tsaya cak.

Ummu Hanif

Hajiya ta gama magana a kan abinci. Ni yanayin gari zan ja hankali a kai. Kada hasken safiya ya ruɗe ki, a yini guda za a yi rana, a yi iska, a yi yayyafi. Kowane yaro riga biyu marasa nauyi, suwaita, sai rigar ruwa mai hula, da safa ta canji a leda. Laima ba ta da amfani sosai, iska na karya ta, kuma tana tare wa na baya kallo. Shimfiɗar zama ta kasance mai leda a ƙasa, domin ciyawar a jiƙe take ko ba a yi ruwa ranar ba. Keken jarirai mai ƙananan tayoyi yana kafewa a laka, goyo ya fi shi.

Sai ƙananan ƙwarin nan masu cizo, mijis. Sun fi yawa a yammacin ƙasar daga Yuni zuwa Agusta, suna fitowa da sassafe da yamma idan iska ta kwanta. Ba sa iya tashi cikin iska, don haka ku zauna a fili, nesa da bishiyoyi da bakin rafi. Maganin shafawa irin su Smidge yana aiki, a duba shekarun da aka yarda a shafa wa yaro. Idan kun dawo gida ki duba bayan gwiwa, hammata da bayan kunnen yara saboda kaska, tana ɗauke da cutar Lyme. A cire ta da hantsaki daga kusa da fata, a ja a hankali, kada a matse cikinta.

Yaya Sani

Ku saya wa jarirai da ƙananan yara marufin kunne kafin ranar, algaitarsu mai jaka da ake busawa a filin ba a rage mata murya. Mai busa yana cika jakar da iska ta bututu, ya danne ta a hammata, iskar ta fita ta bututu uku da ke kan kafaɗarsa masu amo ɗaya, da na huɗun da yake sa yatsu. Abin da mai algaitarmu ke yi da kumatunsa don kada sauti ya yanke, shi jakar ke yi a nan. Zafi da danshi suna sauya muryarta, shi ya sa ƙungiyoyi ke daɗewa a gefen fili suna saiti. Kada ku yi shimfiɗa a wurin, ba za ku ji maganar juna ba. Lokacin da duk ƙungiyoyin ke haɗuwa su zaga fili tare da ganguna shi ne abin da bai kamata ya wuce ku ba, ku duba sa'arsa a takardar shirin da ake sayarwa a ƙofa.

Anti Bilki

Baban Amira, ban yarda da kai gaba ɗaya ba a kan manyan wasannin. Mai 'yan mata da suka kai shekara 7 zuwa sama, Cowal ya cancanci wahalar jirgin saboda rawa. Ana farawa tun da hantsi a kan dandamalin katako, masu rawa uku ko huɗu a lokaci guda. A rawar takobi ana gicciya takubba biyu a ƙasa, a yi ta tsalle a tsakaninsu, wanda ƙafarsa ta ture takobi ya fita daga gasar. Yawancin masu rawar yara ne, saboda haka kada a ɗauki hoton ɗan wani kusa-kusa ba da izinin iyaye ba. Tseren yara kuwa a ranar ake rubuta suna a yawancin wurare, ki kasa kunne ga lasifika. Ki rubuta lambar wayarki a hannun kowane yaro.

Kawu Isa

'Yata, salla ba ta da wuya idan an shirya. A Yuni da Yuli azahar tana shiga wajen ƙarfe 1 da minti 20, la'asar sai bayan 5, lokacin da yawancin wasannin suka tashi, magariba kuma tana kaiwa wajen 10 na dare. Ke nan azahar ce kaɗai ke riskarku a fili. Ba a ware ɗakin salla, amma bayan rumfuna ko kusa da inda aka ajiye motoci akwai sarari, ki yi wa ɗaya daga cikin masu kula da fili magana zai nuna miki. Alƙibla tana kudu maso gabas. Bayin da ake girkewa na wucin gadi galibi babu famfo, ku riƙe gorar ruwa daban ta tsarki da alwala. Masu zuwa da bas, 'yan ƙasa da shekara 22 mazauna Sikotilan suna hawa kyauta, amma daga shekara 5 sai an nuna katin, kada a baro shi a gida.